Gina tsoka ba alkama ba madara: ta ina furotin zai fito?

Ƙanen Kowa: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman ƙarin haske daga masana. Mutum ne mai nauyin kilo 70, yana ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako, an hana shi duk abin da ke da gulutin, wato wani furotin da ke cikin alkama da danginta, an kuma hana shi madara da dangoginta. Kusan duk tsarin abincin masu gina jiki da za ka gani, burodi ne, taliya, yogot, cuku, da garin furotin ɗin madara. Idan aka cire waɗannan me ya rage? Kuma giram nawa ya kamata ya ci a rana?

Abu Ƙarfe: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mu fara da lissafi, don shi ne mai sauƙi. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Wannan adadin ya fito ne daga nazarin da masu bincike na Jami'ar McMaster a Kanada suka jagoranta a 2018, inda suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 49. Sun ga cewa daga wajen 1.6 ribar ta fara tsayawa, amma wanda yake son ya rufe ƙofa gaba ɗaya zai iya kaiwa 2.2. To kilo 70 sau 1.6, giram 112 ke nan. Sau 2.2 kuma, 154. Ko'ina ya faɗa tsakanin nan ya yi.

Giram 0.8 a kowane kilo da ake yawan ambata na wanda ba ya horo ne, don kada jiki ya rasa. Ba da shi ake gina tsoka ba.

A raba giram 112 zuwa 154 ɗin nan gida huɗu, wajen giram 28 zuwa 38 a kowane zama. Sannan ka lura, burodi da taliya dama ba su ne ke ɗauke da nauyin furotin ba. Babban giɓin daga madara yake. Nama, kifi, ƙwai, wake, waken suya, babu wanda aka taɓa a cikinsu.

Ƙanen Kowa: Yaya Abu, ƙwai kuma? Ai ana lissafa shi da kayan madara.

Abu Ƙarfe: A'a. A kanti ne kawai ake jera su wuri ɗaya. Kaza ba ta ba da nono. Sai dai in mutum yana da matsala da ƙwan kansa, wannan daban ne.

Malama Mai Sikeli: Bari in sa baki, domin inda lissafin Malam Abu ke rushewa a kicin ne. Mutane suna karanta cewa tsokar ƙirjin kaza tana da giram 31 a cikin giram 100, sai su auna ɗanya giram 100 su rubuta 31. Wannan adadin na dafaffiya ne. Ɗanya giram 22 zuwa 23 take da shi. Dalili kuwa, nama yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa a wuta, ruwa ne ke fita, furotin yana nan. Ɗanya giram 150 za ta dawo wajen 110, furotin ɗinta 33 ko 34 ne kafin dahuwa da bayanta.

Wake akasin haka yake. Busasshe yana da giram 22 zuwa 24 a cikin 100, amma yana shan ruwa ya ninka nauyinsa sau biyu da rabi ko uku, sai dafaffe ya koma giram 8 ko 9. Wanda ya zuba dafaffen wake giram 150 ya rubuta 35, ya yaudari kansa da fiye da giram 20 a zama ɗaya. Ya yi haka sau biyu a rana, sai ya ce yana cin 130 alhali bai wuce 90 ba, sannan ya ɗora wa rashin madara laifi.

A zaɓi hanya ɗaya a tsaya a kanta: ko a riƙa aunawa ɗanye, ko dafaffe. Ɗanye ya fi daidai, tunda dahuwar yau ba ta gobe ba ce. Kuma ƙashi da fata ba sa cikin lissafi. Cinyar kaza da ƙashinta, a cire kusan kashi ɗaya cikin uku kafin a fara ƙirga.

Ga yini ɗaya na mai kilo 70. Da safe ƙwai uku manya, giram 18 zuwa 19, da kofi ɗaya na madarar waken suya, giram 7, da dafaffen dankali, wajen 3. Ya tashi da 28. Da rana ɗanyar tsokar kaza giram 150 da dafaffiyar shinkafa giram 200, 33 da 5, ya zama 38. Bayan horo garin furotin na tsirrai giram 35, wajen 27. Da dare gwangwanin sadin guda, in an tsiyaye man zai ba da kamar 21, da dafaffen wake giram 150, 12, jimla 33. Duka 126, wato giram 1.8 a kowane kilo. Babu alkama, babu madara.

Gwanin Girki: Malama kin manta da gyaɗa. Giram 25 a cikin 100, ta fi ɗanyen nama ma.

Malama Mai Sikeli: Ban manta da ita ba Malam, da gangan na ajiye ta gefe. Gyaɗa giram 100 tana da kalori kusan 570, domin rabinta mai ne. Kafin ka samu furotin giram 30 sai ka ci giram 120, kalori kusan 680. Dafaffiyar tsokar kaza za ta ba ka wannan giram 30 ɗin da kalori 160. Ga siririn da yake fama da ƙarin nauyi, gyaɗa abokiya ce. Ga wanda tumbi ke bi, a tsaya a cokali biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa, giram 7 ko 8 na furotin, kalori 190. Haka 'ya'yan kabewa da almon suke: a lissafa su a matsayin mai da ya zo da ɗan furotin.

Gwanin Girki: Na karɓa. Amma tunda an ambaci madarar waken suya, a yi hattara da sauran da ake jerawa kusa da ita. Ta almon giram ɗaya kacal take da shi a kofi. Ta shinkafa da ta kwakwa ko ɗaya ba sa cikawa. Ta hatsin ot tana da 2 zuwa 3, ga kuma matsalar gulutin da za mu zo kanta. Madarar shanu giram 8 ce a kofi, kuma ta waken suya da ta fis, wato waken da ake kira peas, ne kaɗai ke kusantar ta. Wanda ya sauya kofi biyu na madarar shanu da ta almon ya yi asarar giram 14 a rana bai sani ba.

Sai awara. Mai tauri da aka matse sosai tana kai giram 12 zuwa 17 a cikin 100, mai laushi kuwa 5 zuwa 8, saboda ruwa ya fi yawa. A nannaɗe ta a tsumma mai tsafta, a ɗora mata nauyi minti 20 zuwa 30, a yanka, a barbaɗa garin sitacin masara maimakon fulawa, a soya a mai kaɗan ko a gasa. In ba a matse ba, ba za ta yi ɓawo ba, kuma za ta sha mai kamar soso. Busasshen naman waken suya, wanda ake jiƙawa ya kumbura, yana da wajen giram 50 a cikin 100 kafin jiƙo. Giram 50 busasshe ya ba da 25. A jiƙa a ruwan zafi minti 10, a matse, a sake ɗauraye shi, wannan ne ke cire warin. Amma a karanta jikin leda, wasu kamfanonin suna haɗa shi da alkama.

Dakta B.: Kafin a yi nisa, akwai tambayar da ya kamata a fara yi: me ya sa aka hana shi? Domin "ba ya shan madara" kala biyu ne, kuma hukuncinsu ya bambanta.

Na farko, wanda hanjinsa ba ya narkar da sukarin madara, wato laktos. Wannan kumburin ciki ne da iska da zawo, ba haɗari ga rai ba. Da yawa daga cikinsu suna iya shan garin furotin ɗin ruwan cuku, wato whey, wanda aka tace sosai, domin sukarin da ya rage a cikinsa kaɗan ne. Na biyu, wanda jikinsa ke yaƙar furotin ɗin madarar kansa. Shi wannan ko an cire sukarin kaf bai tsira ba, tunda abin da ke tayar masa da bori shi ne ainihin abin da ke cikin robar. Rubutun da ke cewa babu laktos ba ya nufin babu madara. A jerin kayan haɗi a nemi kalmomin whey, casein, caseinate da milk solids. Har garin da ake zubawa a shayi maimakon madara sau da yawa akwai kasin, wato furotin ɗin madara, a ciki.

Haka gulutin. Mai cutar siliyak, wadda ke kama kusan mutum ɗaya cikin ɗari, ɗan ɓurɓushi ma yana lalata masa 'yan gashin da ke shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji, waɗanda su ke tsotse abinci. Irin wannan zai iya cin giram 150 na furotin a rana ya ƙi ƙaruwa, ga kasala saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, idan gulutin na shigar masa ta ɓarauniyar hanya. Kuma a irin wannan mutumin, lalacewar hanjin kan jawo rashin narkar da madara. Idan hanji ya warke bayan watanni, wasu suna komawa shan madara lafiya, sai a sake dubawa da likita.

Abu ɗaya da nake roƙo: wanda yake zargin siliyak kada ya daina cin alkama kafin gwajin jini. In ya daina, sakamakon zai iya fitowa lafiya alhali cutar tana nan.

Ƙanen Kowa: Dakta, wace ɓarauniyar hanya kuma? In ya bar burodi da taliya ai shi ke nan.

Dakta B.: Ina ma. Gulutin yana cikin alkama da sha'ir da hatsin da ake kira rye, kuma abincin masu neman furotin ne ya fi ɓoye shi. Sosej da dunƙulen niƙaƙƙen nama, ana cika su da garin burodi. Kaza ko kifin da aka tsoma a fulawa kafin suya. Man da aka soya mai fulawa a ciki sannan aka soya naka. Romon waken suya na kwalba, wato soy sauce, yawanci da alkama ake yinsa. Wasu dunƙulen ɗanɗano da garin kayan ƙamshi. Abin da aka rubuta malt, yawanci daga sha'ir yake. Naman bogi na masu ƙin nama da ake kira seitan kuwa zallar gulutin ne, furotin ɗinsa yana da yawa amma guba ne ga mai siliyak. Sandunan furotin da ake sayarwa a wuraren motsa jiki sukan haɗa duka biyun, alkama da madara.

Shi hatsin ot ba shi da gulutin irin na alkama, amma gona ɗaya, mota ɗaya, injin niƙa ɗaya suke bi da alkama. Sai wanda aka rubuta cewa babu gulutin. Ƙa'idar wannan rubutu a Amurka da Tarayyar Turai ita ce kada ya wuce kashi 20 cikin miliyan. A gida kuma, a ware allon yanka, rariyar tace taliya da tukunyar suya.

'Yar Lab: Ni a kan garin furotin zan tsaya, tunda nan ne aka fi zubar da kuɗi a banza.

Abin da ya sa na ruwan cuku ya yi suna shi ne lusin, ɗaya daga cikin amino asid, wato tubalan da furotin ya ƙunsa, wanda ke kunna aikin gina tsoka. Ana son giram 2 zuwa 3 nasa a kowane zama. Na ruwan cuku kashi 10 zuwa 11 cikin ɗari lusin ne, don haka furotin giram 25 ya wadatar. Na fis da na waken suya wajen kashi 8 suke. Maganin ba wani asiri ba ne, a ƙara yawa: furotin giram 32 zuwa 35 maimakon 25, wato kusan ludayi ɗaya da rabi.

Na fis yana da ƙarancin amino asid ɗin metiyonin, na shinkafa yana da ƙarancin na laisin, abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. Shi ya sa ake haɗa su, kamar kashi 70 fis, 30 shinkafa. Na waken suya shi kaɗai ya isa. Garin farin ƙwai ma cikakke ne, sai dai yana kumfa kuma yana da ɗan gishiri.

Wanda za a guje wa shi ne kolajin, furotin ɗin fata da ƙashi. Ba shi da amino asid ɗin tiriftofan sam, lusin ɗinsa kaɗan ne. Kuma da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan garin furotin ɗin naman sa, daga fata da ƙashi aka yi shi, kolajin ne aka sauya wa riga. A duba jadawalin amino asid a bayan roba. In gilaisin da furolin suka fi kowa yawa, an gane.

Akwai kuma algus. Gwajin da aka saba yi naitirojin yake aunawa, ba furotin ba. Sai wasu su zuba amino asid masu araha kamar gilaisin ko taurin, adadin ya hau a takarda. In ka ga an jera su a kayan haɗi, ko ludayin giram 30 yana ba da ƙasa da 20, ka ajiye. Tambarin masu gwaji na waje irin su Informed Sport ko NSF Certified for Sport yana rage shakka. Yana da amfani musamman ga na shinkafa, domin shinkafa tana jan sinadarin arsenik daga ƙasa fiye da sauran hatsi.

Gwanin Girki: Malama, na fis ɗin nan in aka dama da ruwa kamar ƙasa yake a baki.

'Yar Lab: Saboda yana shan ruwa fiye da na madara. A sa mililita 400 maimakon 250, ruwan a fara zubawa kafin garin, a girgiza, a bar shi minti biyar, a sake girgizawa. Rabin ayaba da ɗan gishiri suna kashe ɗanɗanon. Wanda cikinsa ke kumbura kuma ya duba ko an sa sinadaran da ake kira sobitol ko inulin a cikin garin, sau da yawa su ne masu laifi, ba fis ɗin ba.

Tsohon Ɗan Wasa: Duk na ji, amma waken suya ga namiji ban yarda ba. An ce yana kashe sinadarin maza.

Dakta B.: Malam, wannan maganar ta daɗe tana yawo, amma an auna. Nazarin da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza, wanda aka fitar a 2010 aka kuma sabunta a 2021, bai ga waken suya ya sauke testosteron, sinadarin maza, ko ya ɗaga estirojin, sinadarin mata, ba. Sinadarin da ke cikinsa kama kawai yake da na mata, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Awara sau ɗaya ko biyu a rana ba abin tsoro ba ne. Wanda ya kamata ya kula shi ne mai shan maganin maƙoƙo, levothyroxine, domin waken suya yana rage tsotsar maganin, sai a ba da tazarar sa'o'i.

Tsohon Ɗan Wasa: To ɗanyen ƙwai fa? Shida a kofi da asuba, haka aka san masu ƙarfi.

'Yar Lab: Baba, asara ce. Binciken da aka yi a Beljiyam a 1998 ya nuna jiki yana amfana da kusan kashi 91 cikin ɗari na furotin ɗin dafaffen ƙwai, ɗanye kuwa kusan 51. Shida ɗanyu sun zama kamar uku da ɗan ɗori. Ga haɗarin ƙwayar salmonela, ga farin ɗanyen ƙwai yana ɗaure biyotin, wani nau'in bitamin, ya hana jiki tsotse shi. A dafa. Kuma kada a zubar da gwaiduwa, kusan kashi 40 na furotin ɗin ƙwan a cikinta yake.

Malama Mai Sikeli: Tunda an zo kan dahuwa, wake ma yana da nasa sharaɗin. A jiƙa sa'a 8 zuwa 12, a zubar da ruwan, a dafa da sabo. Wani ɓangare na sukarin da ke kawo iska yana tafiya da ruwan jiƙon. Jan wake mai siffar ƙoda dole ya tafasa sosai aƙalla minti 10, in ba haka ba gubar da ke cikinsa za ta sa amai da zawo, kuma ƙaramar wuta ba ta kashe ta. Waken suya ma sai ya dahu sosai, ɗanyensa yana hana hanji narkar da furotin. Wanda bai saba ba ya fara da dafaffe giram 50 zuwa 75 a rana, ya riƙa ƙarawa kowane mako. Daga sifili zuwa giram 300 a dare ɗaya, shi ne ke sa mutum ya rantse wake ba ya karɓarsa.

Abu Ƙarfe: Akwai abin da duk muka tsallake, kuma shi ya fi kayar da mutane. Wanda ya cire burodi, taliya, madara da cuku ya cire kalori ɗaruruwa daga yininsa. Sai ya cika furotin daidai, amma jiki ya ƙone shi a matsayin makamashi, sikeli ya ƙi motsi. Ana buƙatar rarar kalori 250 zuwa 500 a rana. A mayar da gurbin da shinkafa, dankali, masara, ayaba, man zaitun, da gyaɗar Malam Gwani. Awo sau uku a mako da safe kafin cin komai, a ɗauki matsakaici. Mai kilo 70 ya ƙaru da giram 175 zuwa 350 a mako. In mako biyu suka wuce babu motsi, a ƙara kalori 200, ba furotin ba. In ya wuce rabin kilo a mako, yawanci kitse ne, a rage.

Batun cewa jiki ba ya karɓar fiye da giram 30 a zama ɗaya kuma, a bar shi. Gwajin Jami'ar Maastricht na 2023 ya ba mutane giram 100 a zama ɗaya, jiki ya ci gaba da amfani da shi tsawon sa'o'i 12. Rabawa gida huɗu don sauƙin ciki ne. Wanda sau uku yake ci, ya sa giram 40 a kowanne.

Kiriyatin monohaidiret, garin da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarin ƙarfi, giram 3 zuwa 5 kullum, ba shi da madara ba shi da gulutin. A sayi farin gari zalla marar ɗanɗano. Zai ƙara kilo ɗaya ko makamancin haka a makonnin farko, ruwa ne a cikin tsoka, kada a lissafa shi a ƙaruwar mako.

Ƙanen Kowa: To in mutumin yana da ƙiba fa, kamar kilo 110? Giram 176 zai ci?

Abu Ƙarfe: A'a, da nauyin da yake son komawa zai yi lissafi. In kilo 85 ne burinsa, sau 1.6 zuwa 2, giram 136 zuwa 170. Kitse ba ya buƙatar furotin kamar tsoka.

Dakta B.: Da sharaɗin ƙodarsa lafiya take. Mai ciwon ƙoda, ko mai ciwon suga da hawan jini da ya daɗe bai yi gwaji ba, ya fara da gwaji kafin ya hau wannan adadin. A sanar da likita in ana shan kiriyatin, domin yana iya ɗaga adadin kiriyatinin, wanda ake aunawa don duba aikin ƙoda, a gwajin jini ba tare da ƙodar ta samu matsala ba.

Sannan madara ba furotin kaɗai ta tafi da shi ba, ta tafi da kalsiyam. Babba yana buƙatar miligiram 1,000 a rana. Sadin da ƙashinsa yana da wajen 380 a cikin giram 100, in an cire ƙashin an zubar da mafi yawansa. Awarar da aka daskarar da kalsiyam salfet tana da shi sosai, wadda aka yi da ruwan lemun tsami ko binega kaɗan take da shi. Madarar waken suya da aka ƙara wa kalsiyam tana ba da kamar 300 a kofi, amma a girgiza kwalin kafin a zuba, domin kalsiyam ɗin kwanciya yake yi a ƙasa.